Gargaɗi ga masu fita cin abinci a Kano: ana sayar da tikitin bufe na bogi

Jama'a dan Allah ku tsaya ku karanta wannan kafin ku sake tura wa wani shafin Instagram kuɗi da sunan kama tebur ko tikitin bufe, wato abincin da ake jerawa ka biya sau ɗaya ka ci iya cinka, musamman mu nan Kano. Akwai wasu 'yan damfara da suka gano lagonmu, sun san yanzu fita cin abinci ya zama ruwan dare, ƙawaye su haɗu su fita, ango ya fita da amarya, iyali su fita ranar Juma'a da yamma ko bayan sallah, kuma sun san kusan duk inda za mu je a waya muke fara ganinsa. To ta nan suke shigowa.

Duk wanda ya san Kano shekarun baya ya san da can in ana maganar cin abinci a waje to tsire ne da balangu da gurasa bandashe, ko a je Sabon Gari farfesu, ko masu hali su je gidajen Kwarori da na Indiyawa da 'yan Chana wajen Bompai da Nassarawa GRA. Yanzu kuwa ko ina ka waiga sabon wuri ne, Lodge Road, Audu Bako Way, Zoo Road, hanyar Haɗeja, wannan mai mandi da kabsa, wancan mai shawarma da gasasshen kifi, wani kuma masa da miyar taushe da sinasir ne amma an gyara wurin an sa AC da fitilu ana ɗaukar hoto. Ni kaina ina cikin masu zagayen nan, muna da wani ɗan gurup na ƙawaye da muke haɗa kuɗi lokaci-lokaci mu je mu gwada sabon wuri, don haka ba wai ina zagin masu fita bane, ina cikinsu tsundum.

Ga yadda suke yi. Za su zaɓi gidan abinci na gaske wanda mutane suka sani, su kwashe hotunansa da bidiyonsa da tambarinsa kaf, su buɗe sabon shafi da suna kusan iri ɗaya, bambancin bai wuce ɗigo ɗaya ko 'yar layin nan ta ƙasa ko a ƙara "kano" ko "ng" a ƙarshe ba, wanda wallahi in ba ka ƙura ido ba ba za ka lura ba. Mabiya kuwa saye suke, sai ka ga shafi da dubban mabiya ka ce ai wannan babban wuri ne. Daga nan sai su saki talla, wani lokaci har biya suke tallar ta riƙa faɗo maka kana cikin kallon abinka, wai bonanza, bufe na mutum ɗaya rabin kuɗi, ci iya cinka, amma kujera kaɗan ta rage kuma sai wanda ya biya kafin ƙarfe goma na dare. Lokacin azumi abin ya fi ƙamari saboda bufen buɗe-baki, kowa na son ya fita da iyali ko sau ɗaya, kuma gidajen abincin gaske ma suna cewa a kama wuri tun da wuri, to sai ƙaryar ta saje da gaskiya.

Abin da ya sa na zauna nake rubutun nan shine ƙanwar wata ƙawata, yarinya ce mai hankali ba sakarya ba, tana aiki tana ɗaukar albashinta, ta so ta yi wa mahaifiyarsu bazata ta fitar da ita da ƙannenta. Ta ga tallar, ta yi musu magana ta DM, nan take aka amsa mata da ladabi kamar me, Hajiya barka da yamma, ranki ya daɗe mutum nawa ne, aka ce ta koma WhatsApp don a fi saurin magana, aka turo mata jerin abinci mai kyau da hoton teburin da za a ajiye musu har ana tambayarta ko akwai wanda ba ya cin yaji ko mai ciwon suga a cikinsu. Ku duba wannan iya shege. Aka ce mutum ɗaya N9,000 maimakon N18,000, ta yi tiransifa na mutum 6, aka turo mata wani rasit mai tambari da lamba da wannan zanen QR ɗin a jiki, aka ce ta nuna a ƙofa kawai.

Ranar suka ci kwalliya, Mama har da sabon leshi, suka tari adaidaita biyu suka je. Mai tsaron ƙofa ya kalli rasit ya kira weta, weta ya kira manaja, manaja yana ganin wayar ya girgiza kai ya ce Hajiya ku yi haƙuri wannan ba namu bane, ba mu da wani rangwame kuma wannan akawun ɗin ba mu san shi ba, kuma ba ku ne na farko da kuka zo da irinsa ba a satin nan. Ta buɗe waya ta kira lambar a kashe, ta shiga Instagram an yi bulok ɗinta. Ga mutane na shiga suna kallonsu, ga yara na tambaya Anti yaushe za mu shiga. A ƙarshe uwar ce ta ce ku zo mu tafi gida Allah ya isa, yarinyar nan ƙawata ta ce kwana ta yi tana kuka, kuma ba kuɗin ne ya fi ƙona mata rai ba, kunyar da ta ja wa mahaifiyarta a bainar jama'a ce.

Kuma fa ba a nan suka tsaya ba, wannan ne ma ya fi bani tsoro. Washegari wata sabuwar lamba ta kira ta, muryar mace, wai daga ofishin kula da kwastoma na gidan abincin, sun ji abin da ya faru suna ba da haƙuri za su mayar mata da kuɗinta, ta karanto musu lambar katinta da lambobin bayan kati da wata lamba da za ta shigo mata ta saƙo. OTP kenan. Allah ya taimake ta yayanta na zaune a wurin ya karɓe wayar ya kashe, da yanzu wani zancen ake, don da sun yashe akawun ɗin tas. Ku riƙe wannan da kyau, mai mayar maka da kuɗi lambar akawun ɗinka kawai yake buƙata, ba ya buƙatar kati ko PIN ko OTP ko BVN, ko bankinka ma ba zai kira ka ya tambayi waɗannan ba.

Yanzu bari in faɗi abubuwan da da an duba da an gane, don suna nan a fili. Babba a ciki sunan akawun. Duk lokacin da za ka yi tiransifa ai suna yana fitowa kafin ka danna, to idan sunan gidan abinci daban, sunan da ya fito na wani mutum ne can daban a irin bankunan nan na waya, tsaya cak. In ka tambaya za su ce ai akawun ɗin kamfani ne ke da matsalar netwok, wannan na akantanmu ne ko na manaja, ƙarya ce da suka haddace. Sannan a Instagram in ka shiga shafi ka danna ɗigo ukun nan na sama akwai wurin da ke nuna bayanin shafin, watan da aka buɗe shi da ƙasar da yake da kuma ko ya taɓa canza suna, to wurin da ka san ya shekara da shekaru yana sayar da abinci amma shafinsa wata biyu da buɗewa ko ya canza suna sau da yawa, ai magana ta ƙare. Ku duba kwamen ma, yawanci a kulle suke ko kuma duk yabo ne iri ɗaya daga shafukan da ba su da ko hoto. Hotuna kuma sai ka ga an zuba talatin a rana ɗaya. Ko shuɗiyar alamar nan ta tantance shafi da ake sawa a gefen suna kar ta ruɗe ku sosai, tun 2023 Meta, kamfanin da ke da Instagram, ta fara sayar da ita ga mai biyan kuɗin wata, ba kamar da ba da sai shahararru.

Sai kuma farashin kansa. Dan Allah a wannan tsadar, buhun shinkafa nawa, kaza nawa, gas nawa, dizal ɗin janareto nawa, ga albashin ma'aikata ga harajin VAT da ya koma kashi 7.5 tun 2020, wane mai gidan abinci ne zai ce zo ka ci iya cinka da naman rago da kifi a rabin kuɗi ranar da ya san wurinsa zai cika ko bai yi talla ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Rangwame na gaske akwai, ban ce babu ba, amma ɗan kaɗan ne kuma yawanci ranakun da babu ciniki ake yi, sannan in ka je wurin da ƙafarka za ka tarar ma'aikata sun san da shi.

Gaskiya su ma masu gidajen abincin suna da nasu laifin, sai an faɗa. Wasu wuri ne babba mai kyau amma in ka zo biya sai a miƙo maka akawun mai sunan matar oga ko ɗan oga, to kun saba wa mutane da haka, ta ina kwastoma zai bambance ku da ɓarawo? Rijista da CAC, hukumar rijistar kamfanoni, ba wani abu ne mai wuya ba, a buɗe akawun da sunan kasuwanci a manna shi a bango a rubuta a shafi cewa wannan kaɗai ne namu. Wasu kuma ka yi musu DM sai bayan kwana biyu su amsa da kalma ɗaya, shi kuwa ɗan damfara cikin minti ɗaya ya amsa yana ranki ya daɗe. Kuma in kun ji an buɗe shafin bogi da sunanku ku fito ku sanar da babbar murya, ba wai ku yi shiru don kar sunan wuri ya ɓaci ba, mutane na ta zuwa ƙofarku da rasit ɗin ƙarya kuna cewa a yi haƙuri. Haka masu mabiya da yawan nan da ake biya su ɗora talla a sitori, 'yar uwa kin karɓi kuɗi kin ɗora abin da ba ki taɓa taka ƙafarki ba, mutane sun yarda saboda fuskarki suka gani, ki ji tsoron Allah, haƙƙin nan har da ke a ciki.

Ni dai yanzu abin da nake yi mai sauƙi ne, duk wurin da na ci na ji daɗi ina ɗaukar lambarsu daga jikin rasit ɗin da suka bani da hannu ko daga allon ƙofa in ajiye, ita nake kira. In sabon wuri ne kuma taro ne babba da sai an ba da kafin alƙalami, sai in biya ta wurin ko in tura ƙanina, ya ga manaja ido da ido ya biya a POS ɗinsu ya karɓo takarda. Kuɗin adaidaita zuwa da dawowa bai kai abin da za a cinye maka ba. Lambar da ke Google Maps ma ba ko yaushe ake yarda da ita ɗari bisa ɗari ba don mutane na iya ba da shawarar gyara bayanan wuri a can, gara dai wadda ka gani da idonka. Kuma a wurin biya kar ka bari weta ya tafi da katinka ciki, a kawo injin gabanka, ka kalli adadin da aka danna kafin ka sa PIN, ka rufe da hannu.

In kuma ƙaddara ta riga ta faɗa maka, kar ka zauna kana jimami, sauri ake. Nan take ka kira bankinka ko ka je reshe ka shigar da ƙorafin damfara a rubuce su baka lambar ƙorafi, su ne za su tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga a nemi a riƙe akawun ɗin, kuma da yake mutanen nan ba sa barin kuɗi ya kwana, awa ɗaya ma tana da muhimmanci. Ka yi sikirinshot na komai tun kafin su goge, hirar, tallar, sunan shafin, rasit ɗin tiransifa mai lambar nan doguwa. Tun ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya ce dole kowane akawun har da ƙananan na waya a haɗa shi da BVN ko NIN, wato akwai sunan wani a bayan kowane akawun, ko da sau da yawa na aro ne ko na wani talaka da aka ba ɗan canji ya buɗe musu, amma dai bakin zare ne. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda, suna da sashen laifukan intanet, EFCC ma na da ofis a nan Kano, kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024 da ta shafi irin wannan sojan gona. In banki ya yi ta ja maka rai ba amsa, CBN na da sashen kare haƙƙin kwastoma da ake kai ƙarar banki. Ba zan yi muku alƙawarin kuɗi zai dawo ba, na yarinyar nan har yanzu shiru, amma rahoto da yawa a kan akawun ɗaya shi ke sa a rufe shi.

Abin da ke ƙara musu ƙarfi shine shirunmu, kowa aka cuta sai ya haɗiye don kar a ce kwaɗayi ya ja masa, musamman mata, wata ma ko mijinta ba za ta faɗa wa ba. Da waɗanda aka fara yi wa sun yi magana a gurup ɗinsu da wataƙila Mama ba ta sa leshinta ta tsaya a ƙofar mutane ba. Ban sa sunan gidan abincin ba don su ma cutarsu aka yi, kuma shafin bogin ya riga ya canza suna, da muka duba ta wayar wata ƙawarmu mun tarar ya goge hotunan da, ya koma wani wurin daban yana tallar tiren abincin biki da na suna wai a biya rabi kafin a kawo. Don haka masu shirin biki ku ma ku buɗe ido, ku tura wannan gurup ɗin gida da na 'yan makarantarku, sannan in kun ci karo da shafin da kuke zargi ku danna rifot ku kira gidan abincin na gaske ku sanar da su.