Sulhu ko zaman shari'a: zaɓin ma'aikaci a kotun ma'aikata ta Birtaniya

Da zarar ka shigar da fom ɗin ET1, wato takardar kai ƙara kotun ma'aikata, a Ingila, Wales ko Scotland, kotu za ta aika wa kamfanin da ka yi wa aiki kwafi, ta ba shi kwana 28 ya kawo amsa a fom ɗin ET3. Ka karanta amsar nan layi-layi da biro a hannu, kana ware abin da suka amince da shi da abin da suka musanta. Daga nan ne za ka san ƙarfin ƙararka, ka san ko sulhu ya fi maka.

Bin shari'a har ƙarshe ba ya cin kuɗin kotu, tun da Kotun Ƙoli ta soke kuɗin shigar da ƙara a 2017. Lokaci yake ci. Sau da yawa akan fara da ɗan zaman share fage ta waya ko bidiyo, alƙali ya tsayar da ranaku: ranar kawo lissafin asararka, ranar musayar takardu, har da waɗanda ba su yi maka daɗi ba, da ranar musayar bayanan shaidu a rubuce. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. A Ingila da Wales, bayanin da ka rubuta shi ne shaidarka, a kansa lauyan kamfani zai yi maka tambayoyi, kuma abin da ka manta ba ka sa ba da wuya a bar ka ka ƙara ranar zama. Saɓa ranakun na iya jawo a kori ƙarar. Idan alƙali ya ga wata da'awa ba ta da ƙwari, yana iya cewa sai ka ajiye kuɗi, har fam 1,000, kafin a ci gaba da ita. Hukuncin kuma ana sa shi a intanet da sunanka. Ɗaukaka ƙara cikin kwana 42 ne, kuma a kan kuskuren doka kawai.

Sulhu ta hannun Acas, hukumar sasanta ma'aikata da masu ba su aiki, kyauta ne, ƙofarsa a buɗe take har ranar zama. Takardarsa ana kiranta COT3. Tana ba ka abin da alƙali ba zai iya ba ka ba, wato wasiƙar shaidar aiki da kuka yarda da kalmominta, kuma ga mai neman wani aikin, musamman wanda bizarsa ke rataye da aiki, wannan kan fi ƙarin fam dubu amfani. Akwai kuma batun tallafi: idan kotu ce ta ba ka diyyar albashin da ka rasa, gwamnati na iya cire abin da ta biya ka na Universal Credit, wato tallafin marasa aiki da masu ƙaramin albashi, amma ba ta yin haka a sulhu. Sai dai a yi hattara. Ka ce wa jami'in Acas "na yarda" ko ta waya ne, magana ta ɗaure, babu janyewa.

Sulhun da alƙali ke shiga tsakani ya fi dacewa da manyan ƙararraki, irin na wariya da za su ci kwana uku ko fiye, kuma sai ɓangarorin biyu sun so.

Wa zai tsaya maka? Fara da ƙungiyar ƙwadago idan kana ciki, sannan ka duba inshorar gidanka, don wasu na ɗauke da kuɗin lauya masu su ba su sani ba. Lauyan da sai an ci ake biyansa da kaso ba zai wuce kashi 35 cikin 100 ba: a diyyar fam 10,000, nasa 3,500 ne. Mai cajin awa ya fi haɗari, domin a wannan kotu galibi kowa shi ke biyan lauyansa, ko da ya yi nasara. Tsaya wa kai ma yana yiwuwa, kotu na samar da tafinta kyauta idan an nema da wuri.

Ko wacce hanya ka bi, kada ka yi ciniki ba lissafi a hannu. Ajiye kowace takardar neman aiki da ka tura, da kwanan wata da amsar da ta zo. Alƙali kan rage diyyar wanda ya naɗe hannu bai nemi aiki ba, lauyan kamfani ma ya san da haka tun kafin ya yi maka tayi.