Kasuwar Wazemmes ta birnin Lil da yadda ake ciniki a cikinta

Zuwa ga Yaya Babba da sauran 'yan uwa a Damagaram, bayan gaisuwa da fatan alheri. Kun tambaye ni ko gaskiya ne mutanen Faransa ba su san kasuwa ba sai manyan kantuna, shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin wadda nake cefane a cikinta, a unguwar Wazemmes ta birnin Lil, can arewacin ƙasar kusa da iyakar Beljiyam.

Kasuwar tana ci sau 3 a mako, Talata da Alhamis da Lahadi, daga sassafe zuwa wajen ƙarfe 2 na rana, a wani fili mai suna Place de la Nouvelle Aventure, kusa da cocin Saint-Pierre-Saint-Paul. Ta Lahadi ita ce babba, domin a ranar mutum yakan fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gambetta ya tarar da cunkoson da ba ya barinsa ya yi sauri. A gefen filin akwai tsohuwar rufaffiyar kasuwa ta jan bulo inda mahauta da masu kifi da masu cuku suke da rumfunansu na dindindin. A waje kuwa ana kasa kayan miya da 'ya'yan itatuwa, da yadi, da takalma, da tukwane, da furanni, ga ƙamshin gasassun kaji ya cika wuri. Da yawa daga cikin 'yan kasuwar asalinsu Maroko ne ko Aljeriya, kuma suna kiran masu saye da ƙarfi kamar yadda ake yi a Kasuwar Dole ta Damagaram, don haka naman halal da dabino da na'a-na'a ba sa wuyar samu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne awo. Ba tiya, ba kashi-kashi, kusan kome da kilo ake sayarwa, kuma doka ta wajabta wa mai kayan lambu ya kafa allo a kan hajarsa ɗauke da farashi da sunan ƙasar da aka nomo ta. Tumatir ɗin Maroko yana gefen na Sifen, kowanne da kuɗinsa a rubuce. A jikin sikelin akwai wata 'yar koriyar takarda da aka manna, mai nuna cewa an gwada shi an tabbatar ba ya tauye awo, da lokacin da za a sake gwada shi. Wanda ya faɗi gwajin kuwa ja ake manna masa. Wannan tsari ya shiga raina ƙwarai, domin na san yadda uwayenmu mata suke duba gindin tiya kafin a auna musu gero, kuma na san yaron da aka aika kasuwa ba shi da wannan idon. A nan baƙon da ya sauka jiya da dattijuwar da ta shekara 40 a unguwar kuɗi ɗaya suke biya. Ina kuma tuna albasar Galmi, wadda ta yi suna a duk Afirka ta Yamma, amma sai a zuba ta a kasuwannin bakin teku ba tare da wata alama da ke shaida daga ina ta fito ba, manominta ya rasa ladan sunan da ya yi.

Sai dai abin da allon ya kawo ya tafi da wani abu. Babu tayi a kayan abinci, babu "albarka", babu "na sallama", gyara ma sai wanda ya saba da kai ne zai jefa maka ɗaurin ganye ɗaya a jaka. Bashin da mai tebur yake ɗaga wa magidanci har ƙarshen wata ban gan shi a nan ba, ga shi rumfuna da dama da katin banki ake biyansu. Rangwamen da ake samu na lokaci ne: idan tashi ya matso, masu kaya sukan karya farashi su riƙa shelar faranti guda a kan yuro ɗaya, kuma a wannan sa'ar ce masu ƙaramin ƙarfi suke cika jakunkunansu. Yuro ɗaya ɗin nan sefa 655 ne da 'yan kai, wato dala 131 a lissafinmu na gida, inda dala ɗaya take sefa 5, saboda haka arahar nan sai an auna ta da albashin nan.

Hidima ita ce mai tsada. Ba ɗan dako, ba mai kura, ba yaron da zai riƙe maka kaya zuwa bakin hanya. Kowa yana jan 'yar jakarsa mai taya, tsoho da tsohuwa ma haka, abin da har yanzu yake sosa mini rai. Ledar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar an hana ba da ita a wurin biyan kuɗi tun 2016, don haka daga gida ake zuwa da jaka. Wurin kasa kaya kuwa jami'in magajin gari ne yake rabawa ya karɓi kuɗin fili, kuma da kasuwa ta watse motocin shara suke shigowa su kwashe su wanke, kafin la'asar filin ya koma wurin wucewar jama'a. Ana ganin inda kuɗin fili yake tafiya, kuma wannan ne nake fatan hukumomin garuruwanmu su duba.

Game da abincinmu, kuɓewa da doya da zoɓo da busasshen kifi ana samunsu a shagunan 'yan Afirka da na 'yan Asiya da ke kewaye da kasuwar, amma gero, wanda yake abincin kowa a gida, a ƙananan ƙunshi ake sayar da shi da tsada, shi ya sa fura ta zama abin marmari a wurinmu. Kilishin da Yaya ya ce zai ba wani matafiyi ya kawo mini kuwa ina roƙon a bar shi, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko nono daga ƙasashe irin namu, kuma idan jami'an kwastan suka gan shi a filin jirgi ƙwacewa za su yi, har ma su iya cin mutumin tara.