Mutum-mutumin autana: ya iya haƙuri, bai iya gaisuwa ba

Autana yana da larurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Ba ya haɗa ido da kowa, in baƙi suka cika mana falo sai ya toshe kunnuwa ya shige bayan labule. Yayana ne ya zo masa da wani ɗan mutum-mutumi daga tafiya, mai fuskar allo da hannuwa biyu gajeru, ya ce, "Ƙanwata, gwada wannan, a can da irinsa ake koya musu mu'amala." Ba irin NAO na Faransa ba ne, ko Kaspar da Jami'ar Hertfordshire ta Ingila ta ƙera tun 2005 don irin waɗannan yara. Namu na talakawa ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya gajiya, ba ya sauya fuska. Zai nuna murmushi ya tambaya mene ne wannan, yaro ya yi shiru, ya sake tambaya da murya ɗaya sak. Ni kuwa a karo na uku muryata ta fara tashi, shi kuma yaron da ya ji haka ya janye. Fuskar mutum tana motsi da yawa lokaci guda, gira da baki da ido. Ta mutum-mutumin kuwa abu ɗaya take nunawa, shi ya sa yake iya kallonta.

Wasan karɓa-karɓa ne ya fi yi mana amfani. Ya ɗaga hannu, yaro ya ɗaga, ya jira. Da na ga ya kama, sai na zaunar da yayarsa a gefe ta shiga layi. Yanzu yana miƙa mata ƙwallo ya tsaya har ta dawo masa da ita. Amma fa ranar da na bar shi da abin shi kaɗai na shiga kicin, maɓalli ɗaya ya yi ta dannawa har batir ya mutu.

Mutum-mutumin dai Turanci kawai yake ji, shi ma na Amurka. Bai san "ina kwana" ba, bai san a durƙusa wa Hajiya ba, alhali a Zariya wannan ce mu'amalar farko da ake nema wurin yaro. Wannan mu muke koya masa da bakinmu.

Batirinsa ba ya jimawa, ga wutar Samaru sai a hankali. Ƙurar hunturu ta sa wuyansa ya fara ƙara, yaron kuma ba ya son sabon sauti, dole na riƙa goge shi da burushi ina rufewa da zani.

Mai niyyar saya ya tabbatar yana aiki ba intanet. Kamfanin da ya yi Moxie, wani mutum-mutumin yara mai dogaro da intanet, ya rufe a ƙarshen 2024, iyayen da suka biya dala 799 aka shaida musu zai daina magana.