City of Gold: mai alƙalamin da ke cika gidajen abinci

Fim ɗin gaskiya ne da Laura Gabbert ta shirya, aka fara haska shi a bikin finafinai na Sundance a 2015. Kusan awa ɗaya da rabi ana bin Jonathan Gold cikin motarsa a-kori-kura, yana ratsa birnin Los Angeles na Amurka yana neman inda zai ci abinci. Shi ne mai sharhin abinci na farko da ya ci lambar yabo ta Pulitzer, a 2007, lokacin yana rubutu a jaridar LA Weekly, kafin ya koma jaridar Los Angeles Times a 2012.

Abin da ya ja hankalina shi ne wuraren da yake zuwa. Mutumin bai tsaya ga gidajen abincin masu hannu da shuni ba. Yana kutsawa ƙananan shaguna da ke maƙale tsakanin wurin wanki da kantin kayan masarufi, ko ya tsaya a gefen titi gaban motar masu sayar da tako, wani abincin 'yan Meziko. 'Yan Koriya, 'yan Meziko, 'yan Tailan, Sinawan kwarin San Gabriel, duk baƙin da suka zo cin rani suka zauna, ya san ƙofarsu. Tun yana saurayi ya ɗauri aniyar cin abinci a kowane shago da ke kan titin Pico, kuma ba ya rubutu a kan wuri sai ya koma sau da yawa.

Inda fim ɗin ya fi taɓa ni shi ne labarin Genet Agonafer, 'yar Habasha mai gidan abinci a titin Fairfax. Kasuwa ta ja baya, har tana shirin rufewa, sai Gold ya yabi miyar kazarta mai yaji da ake kira doro wat. Daga nan jama'a suka yi ta tururuwa. Tana ba da labarin, fuskarta kaɗai ta isa shaida. Haka ma iyalin da ke da gidan abincin Guelaguetza, masu girkin jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko.

Sai dai fa yabon ya yi yawa. Kusan duk wanda aka miƙa wa makirufo sai ya kambama shi, kamar ba a taɓa samun mai girkin da sharhinsa ya ɓata wa rai ba. Aibin da aka nuna mana shi ne jan ƙafa wajen miƙa rubutu, editocinsa na ta ƙorafi cikin raha. Kyamara kuma ba ta daɗewa a kan kwano, kafin ka ƙare wa abinci kallo an wuce. Ga naman alade a wasu girke-girken, wanda ni dai sai kallo daga nesa.

Gold ya rasu a watan Yulin 2018, sanadiyyar kansar fankiriyas, wata gaɓa da ke cikin ciki, yana da shekara 57. Duk mai son ganin Los Angeles ɗin da ba ta 'yan fim ba, ya neme shi ya kalla, amma kada ya zauna da yunwa.