Yadda suke tunawa da 'yan mazan jiya a nan Ingila

Salamu alaikum Yaya, ya mutanen Daura, ya su Inna, hunturu ya kankama ko tukuna? Ka tambayi jan furen nan da ka gani a ƙirjin rigata a WhatsApp, wai ko na shiga wata jam'iyya ne, to ba haka ba ne, na tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi ne.

Garin da nake ƙarami ne, ko rabin Daura bai kai ba, amma a tsakiyarshi dab da tashar bas akwai wani dogon dutse da aka sassaƙa sunayen 'yan garin da suka mutu a yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, daga baya aka ƙara na yaƙin Hitila daga ƙasa. Suna ɗaya sai ka gan shi sau biyu ko uku a jere, ka san gida ɗaya ne aka kwashe ma 'ya'ya. Ranar 11 ga Nuwamba ƙarfe 11 daidai kowa ya tsaya cak minti biyu, wallahi har matar kanti ta ajiye kayan da take lissafa mani ta sunkuyar da kai. Furen na takarda ne, ƙungiyar Royal British Legion ke kawo shi, ba ciniki, ka jefa abin da ya sawwaƙa cikin gwangwani ko ka taɓa katinka, kuɗin na tsofaffin sojoji ne da iyalansu.

Ni ba bikin ne ya ba ni sha'awa ba, mu ma ai muna da namu 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, a yi fareti a ajiye furanni a saki tantabaru kowa ya kama gabanshi. Kula da wurin ne. Ana wanke dutsen, ana aske ciyawar, bencin da ke gefe ya sha fenti, ba fostar ɗan takara ko ɗaya a jiki. Sannan tsohon soja yana iya sayen kati da za a riƙa rage mashi kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgin ƙasa, kuma jirgin nan tsada gare shi ba kaɗan ba. Sai na tuna Kaka Allah ya jiƙan shi, yaƙin Bama ya je cikin sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi ma Turawan nan yaƙi da Japan, ya dawo ya ƙare rayuwarshi a gadi, sunanshi ba a bango ko ɗaya.

Amma kar ka ce komai nan madara ne. Asibiti kyauta ne, sai dai ka jira layi har ciwon ya gaji da kai. Maƙwabcina tsohon soja ne, shi kaɗai cikin gida, mai zuwa ta taya shi wanka da awa take aiki tana duba agogo, ga kuɗin wuta da gas na cinye fansho lokacin sanyi. Kaka kuwa fura ba ta taɓa yanke mashi ba, jikoki cike da zaure.

Don Allah ka tambayi Inna ko lambar yabon nan tashi na cikin adakarta har yanzu, ka ɗauko hotonta gaba da baya ka turo, maƙwabcin nan nawa ya ce yana son gani. Kuma in akwai mai tahowa a haɗo mani da kuka da daddawa, ta nan tsada kuma ba ƙamshi.