Injin wankin tirela: wanne za ka saya kafin ka buɗe wajen wanki?

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Zariya ya wuce Mararrabar Jos ya san yadda manyan motoci suka ƙaru. An buɗe tashar tsandauri (tashar sauke kwantena a kan tudu) ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ga motocin siminti daga Obajana, ga na shanu daga Potiskum da Maigatari. Duk suna buƙatar wanki, kuma a kan inji sana'ar take tsayawa ko ta faɗi.

Ƙananan injinan lantarki na wanke motar gida, kada ma ka kalle su, tirela guda za ta gajiyar da su. Babban na lantarki mai layi uku yana da kyau, amma sai kana da tsayayyiyar wuta ko babban janareta, abin da bakin titi ba ya bayarwa. Famfon feshin gona mai bel, wanda masu wankin ƙananan motoci ke amfani da shi, yana da araha, kowane makanike yana gyara shi, sai dai ƙarfinsa ba ya ɓamɓare giris da busasshen taɓo a ƙarƙashin DAF.

Nawa zaɓin shi ne famfo mai fiston uku na tangaran, kansa na tagulla, haɗe da injin fetur irin Honda GX390 mai ƙarfin doki kusan 13. Famfunan Italiya irin Interpump da Annovi Reverberi su ne ma'auni a wannan fanni. Nemi wanda ke ba da lita 15 a minti ɗaya da matsin ruwa bar 200 zuwa 250 (bar shi ne ma'aunin matsi). Mutane suna ruɗuwa da lambar matsi, alhali yawan ruwan shi ke kore datti. Ka tsaya bayan motar da ta sauke shanu a Legas ta dawo, kashi ya haɗu da yashi ya daskare a kan daɓen bodi: matsi ne zai fasa shi, amma in ruwan siriri ne sai yaro ya yini yana tura ƙazanta daga wannan kusurwa zuwa waccan, direba na tsaye yana duba agogo. Wani abin da na fi so, irin wannan famfo ana buɗe shi a canza sil (robar da ke hana ɗiga) da bawul a ci gaba da aiki. In da hali ka ɗauki irinsa mai bel, don yana juyawa a hankali, ba ya saurin zafi.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Injina na farko a wani shago na saye shi, jan fenti, takardar Honda manne a jiki, kan famfon yana walƙiya kamar tagulla. Sati bakwai ya yi man famfon ya koma fari kamar nono, alamar ruwa ya shiga. Da makanike ya kankare kan da sukundireba, sai ga farin alminiyam a ƙarƙashin fenti. Saboda haka ka ce wa mai shago: “Alhaji, a ba ni dama in ɗan kankare gefe.” In ya ƙi, kama gabanka. Ɗaga famfon ka ji, tagulla tana da nauyi. Lambar inji ta gaskiya a jikin ƙarfen take a buge, takardar da aka manna kowa zai iya bugawa. Kada ka yarda da ƙaramin inji mai doki 6.5 da aka rubuta masa matsin da sai babba ke iya bayarwa. Ɗan Kwatano ma ana wanke shi a sake masa fenti a sa a sabon kwali, don haka a tayar da shi a gabanka, a bar shi minti ashirin yana feshi, ka duba ɗiga da launin man. Sannan ka tambayi sil ɗinsa a shagon tun ranar, ka sayi saiti biyu.

Ka lissafa ruwa tun kafin ka biya kuɗin fili: lita 15 sau minti 40 lita 600 ke nan a mota ɗaya, sai da rijiyar burtsatse da babban tanki. Sa matatar ruwa tsakanin tanki da famfo, don yashin rijiya yana cinye sil. Ka kuma sayi dogon tiyo, yadda in tankar mai ce ta shigo, injin fetur ɗin zai zauna can nesa da ita.