Cingam ko filasta bayan ka zame: ni cingam zan ce ka saya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka rubuto cewa ka yi kwana 23 babu taba, sai ka sha kara biyu a daren bikin abokinka, yanzu kuma kana tsakanin cingam ɗin nikotin da filastar da ake mannawa a damtse. Sayi cingam. Duka biyun na yi amfani da su, kuma da za a mayar da ni baya, kuɗin da na zuba a filasta da cingam zan ƙara da shi.

Shekara 14 na yi ina shan sigari, kwali ɗaya a rana, har da ɗoriya idan ɗinkin sallah ya taru a shago. Karon farko da na daina, da ƙarfin zuciya kawai na yi, na kai kwana 11. Rana ta 12 wani ya zo ya yi mini tijara a kan kaftaninsa a gaban yarana, na fita wajen mai shayi na ce a ba ni kara ɗaya. Ina gama zuƙa zuciyata ta ce ai lissafi ya riga ya ɓaci, a sha na yau, Litinin a sake sabon lale. Kafin isha na sayi kwali. Litinin ɗin nan sai da ta ɗauki shekara biyu kafin ta zo. Shi ya sa da na ga saƙonka na ajiye abin da nake yi, don na san daidai inda kake tsaye.

Karo na biyu wata mai haɗa magunguna a wani babban kantin magani ce ta zaunar da ni. Tambaya ɗaya ta fara yi: idan na tashi da safe, minti nawa nake yi kafin in kunna ta farko? Na ce ko minti goma ba na kaiwa. Ta ce to cingam mai nikotin 4 mg zan ɗauka, domin duk wanda yake kunnawa cikin minti 30 da farkawa, ko yake wuce kara 20 a rana, mai 2 mg ba zai riƙe shi ba. Na fara, komai na tafiya, sai a mako na biyar na je Kaduna sayen yadi na manta cingam ɗin a aljihun wata riga. A hanyar dawowa mota ta lalace bayan magariba, muka zauna a bakin titi kusan awa uku, ga yunwa ga gajiya. Direba ya kunna, iska ta kawo mini warin, na miƙa hannu. Kara ɗaya da rabi na sha.

Na isa gida da tsakar dare, jikina duk a sanyaye. Uwargida ta ji warin tun daga ƙofa, na ga ta ji, amma ba ta ce uffan ba. Da asuba zan ɗauki buta sai na tarar da katin cingam ɗin a kan daddumata, ta lalubo shi daga rigar da na bari. Na dawo daga masallaci na ɓare ɗaya na sa a baki, na zauna a tsakar gida har ɗacin ya sauka, abin da yake murɗa mini ciki ya lafa. Ranar sai na koma tsarin makon farko, guda ɗaya duk awa ɗaya zuwa biyu, na yi kwana huɗu a haka kafin hankalina ya kwanta. Wancan kara ɗaya da rabi shi ne na ƙarshe, yau shekara uku da wata biyar. Har yanzu akwai kati ɗaya a cikin durowar kekena, ya daɗe da wuce wa'adinsa, ba na taunawa, ganinsa kawai nake so.

Dalilin da ya sa cingam ya dace da halin da kake ciki shi ne wannan. Mutum ba ya zamewa yini guda, a cikin minti biyar yake zamewa: bayan an ci abinci an ƙoshi, lokacin da rai ya ɓaci, ko an zauna a majalisa wani ya ƙyasta ashana. Ƙishin tabar yana tasowa kamar guguwa, ya yi 'yan mintuna, ya wuce ko ka sha ko ba ka sha ba. Abin da kake bukata shi ne abin da za ka ciro daga aljihu a daidai wannan lokaci. Hayaƙin sigari yana kai nikotin ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, kuma wannan saurin ne yake ɗaure mutum. Na cingam yana bi ta fatar cikin baki a hankali, sai wajen minti 20 zuwa 30 yake kai ƙarshen ƙarfinsa, ya isa ya kashe ƙishin ba tare da ya ba ka wannan bugun da kake gudu ba, kuma babu kwalta babu hayaƙi, waɗanda su ne suke cin huhu. Ga shi baki ya samu aikin yi, hannu ma ya samu abin ɓarewa.

Amma ba a tauna shi kamar cingam ɗin yara, a nan mutane da yawa suke cewa sun gwada bai yi ba. Za ka tauna a hankali har ka ji wani yaji-yaji ko ɗaci, sai ka tura shi tsakanin kunci da dasashi ka bar shi. Idan yajin ya tafi ka sake taunawa kaɗan ka sake ajiyewa a wani gefen, haka har kusan rabin awa. Wanda ya tauna da sauri yana haɗiye yawu, nikotin ɗin ciki yake tafiya, abin da zai samu shaƙuwa ce da ƙwarnafi da tashin zuciya. Sannan minti 15 kafin ka sa shi, da lokacin da yake baki, kada ka sha komai sai ruwa. Kofi, lemon kwalba, zoɓo, kunun tsamiya, duk abin da yake da tsami yana hana shi shiga jiki. Kuskure na biyu tsimi. Mutum ya ga kuɗin, sai ya riƙa tauna biyu ko uku a rana, ya jira sai ƙishin ya shaƙe shi. Tsarin da yake jikin takardar mako 12 ne: mako shida na farko guda ɗaya duk awa ɗaya zuwa biyu, aƙalla tara a rana, mako uku na gaba duk awa biyu zuwa huɗu, ukun ƙarshe duk awa huɗu zuwa takwas. Iyakar da ba a wucewa a rana tana rubuce a kwalin, wasu 15 wasu 24, ka bi ta naka. Idan kuɗin ya yi maka nauyi, lissafa abin da kake kashewa a taba a wata uku ka ajiye su gefe da gefe.

Filasta kuwa, na saye ta a watan Afrilu, shagona rufin kwano ne ga dutsen guga, kafin azahar gumi ya ɓamɓare ta, ta bar mini jan tabo mai ƙaiƙayi, randa ta zauna har dare kuma mafarkai barkatai. A hankali take sakin nikotin na awa 16 ko 24, sai ta yi awanni kafin ta kama jiki, saboda haka lokacin da aka miƙo maka kara a wajen biki babu abin da za ta ƙara maka a wannan minti. Ba zan ce ba ta aiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta tare da cingam a jerin muhimman magunguna tun 2009, kuma gwaje-gwaje sama da 100 da aka tattara sun nuna irin waɗannan magungunan suna ƙara damar dainawa da kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. Wuri uku na yarda ta fi: da azumi, tunda ba za ka tauna cingam da rana ba, malamai da dama kuma sun ce abin da ya shiga ta fata ba ya karya azumi, ga mai haƙoran roba ko ciwon muƙamuƙi, sai wanda aljihunsa zai ɗauki biyun a tare, domin haɗa su ya fi kowanne shi kaɗai ƙarfi. Amma idan ɗaya za ka saya, ka ji amsata.

Wani abu da ya kamata ka sani tun yanzu: idan ka fara cingam ka sake zamewa, Allah ya kiyaye, kada ka ajiye shi da sunan tsoron nikotin ya yi yawa a jiki. Wannan tsoron ya mayar da mutane da yawa kwali. Hukumar kula da magunguna ta Amurka da kanta ta sassauta wannan gargaɗi a 2013, bayan an ga babu wani babban haɗari ga wanda ya sha kara yana kan maganin. A kashe tabar, a ci gaba da cingam.

Kara biyun da ka sha ba su goge kwana 23 ɗinka ba. Huhunka ya huta kwana 23, wannan ya shiga asusu. Abin da suka yi shi ne sun tayar da ƙishin da ya fara barci, don haka ka sa rai kwana biyu ko uku masu zuwa za su yi maka nauyi kamar na farko, fushi, rashin barci, rashin natsuwa. Yau za ka koma, ba Litinin ba, ba farkon wata ba. In akwai saura a aljihu ko a mota ka jiƙa shi da ruwa ka zubar, har da ashanar. Sannan ka zauna ka tuna daren da kyau: ƙarfe nawa ne, wa ya miƙo maka, ka ci abinci ko da yunwa, ranka a ɓace yake ko cikin nishaɗi kake? Ni nawa na gano yunwa ce da gajiya da aljihu babu komai, tun daga nan ban sake fita tafiya ba sai na duba. Abokan majalisa ka gaya musu baki da baki cewa duk wanda ya sake miƙo maka ba ƙaunarka yake yi ba. In ba za su iya ba, ka ɗan ja jiki na wata ɗaya, zumunci ba zai mutu ba. Ka kuma canza hanya daga mai teburin da ya saba ganinka. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma kowa ya san a kowane lungu ana yi, kuma wannan kara ɗayan mai arha shi ne tarkon mai dainawa, don da kara ɗaya ake fara komawa, ba da kwali ba.

Af, kada in manta da goro. Na san wasu za su ce ka riƙe shi a madadin cingam. Yana ba baki aiki, amma babu nikotin a cikinsa, ba zai taɓa ƙishin ba. Kuma hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa ƙone sinadarin da yake hana barci a goro da kofi da shayi da sauri, idan ka daina sai ya riƙa daɗewa a jiki. Wanda ya ƙara goro da shayi mai kauri a makon dainawa, zai kwana ido biyu gabansa na faɗuwa ya zaci rashin taba ne. Rage su za ka yi. Asuwaki ya fi zama lafiya idan bakin ne yake neman abin yi. Tabar hanci da shisha kuwa kada ma a kawo maganarsu, gida ɗaya ne aka canza ƙofa.

Yanzu maganar masu sayarwa, ko da ba ka tambaya ba. Kafin in samu na gaskiya sai da wani ya sayar mini da ƙwayoyi a ƙulle cikin farar leda, ya rantse daga waje aka kawo, ashe cingam ɗin na'a-na'a ne zalla. Kada ka sayi na warwatse. Na gaskiya a rufe yake cikin kati, kowane ɗaya da ɗakinsa, an rubuta 2 mg ko 4 mg a jiki, da lambar rukuni, da ranar ƙarewar aiki, da takardar bayani a cikin kwali. Duba ranar nan da idonka a kwalin da kuma a katin, ka ga sun yi daidai, don akwai masu goge ta kwali su buga sabuwa. Nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya. Wanda aka shanya a rana a kan tebur ko a gilashin da yake kallon titi, bar musu kayansu, zafi yana lalata shi. Je kantin da akwai ƙwararren mai haɗa magunguna a ciki, wanda zai iya amsa maka tambaya. Masu tallan garin magani ko shayin da wai yake raba mutum da taba cikin kwana uku, a biya kafin a aiko, kuɗinka suke so. Haka filastar ganye da babu adadin nikotin a jikinta, da sigarin lantarkin da ake cewa turiri ne kawai alhali babu rubutun abin da yake ciki. Sun san mai neman dainawa a matse yake, shi ya sa suke masa farashin da suka ga dama.

Idan kana da ciwon zuciya, musamman in bai daɗe da tashi ba, ko gyambon ciki, ko kana shan maganin asma, na suga ko na ƙwaƙwalwa, fara ganin likita, domin daina taba kanta tana canza yadda wasu magungunan suke aiki. Ka ɓoye shi daga yara, a idonsu alewa ce, a jikinsu guba.

Ka ce kafin ka daina kana kai kara 15 kuma sai bayan karin kumallo kake kunnawa, to mai 2 mg ya ishe ka. Sayi wanda zai kai ka mako biyu a tashin farko, ka raba shi uku: kati ɗaya a aljihu, ɗaya a wurin aiki, ɗaya a gefen gado. Gobe da safe ka sa na farko tun kafin ƙishin ya taso, in Allah ya kai mu Juma'a ka dawo ka gaya mana yadda kwana ukun suka kasance.